Je, Tafi, Fita, Bari: Yadda Ake Faɗinsu da Sifaniyanci a Bakin Iyaka

 

Yau maganar harshe ce. Da yawa cikin masu aiko mana da saƙo suna gangara kudu da shanu ko albasa, daga Marwa da Garwa da Ngaundare, su bi ta Yawunde da Ambam har Kiye-Osi, inda Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini suka haɗa iyaka. Wanda ya saba hanyar ya san cewa Faransancin da ya rako shi tun daga arewa, da zarar ya ƙetare ya shiga Ebebiyin, sai ya fara gajiya. Sifaniya ce ta mulki ƙasar har ranar 12 ga Oktoba 1968, kuma har gobe Sifaniyanci ne harshen makaranta da ofis da allon bakin hanya, ko da yake an ƙara Faransanci da harshen Fotugal cikin harsunan gwamnati. Kuɗi dai ɗaya ne, sefa, tun 1985. A kasuwar Bata za ka ji Fang, a Malabo za ka ji wani burokan Turanci da suke kira Pici, amma mai kaki da takarda a hannu, Sifaniyanci zai yi maka.

Tambayar da ta fi yawa ita ce: me ya sa mutanen nan ke da kalmomi barkatai na tafiya? Wani ya ce "voy", wani ya ce "me voy", wani "salgo", wani "me marcho". Wanne ne daidai? To, duka daidai ne, kowanne da wurinsa. Abin da nake so ku riƙe yau shi ne, kada ku bi ta Faransanci don ku gane su. Ku bi ta Hausa kai tsaye. Bahaushe ya riga ya raba je da tafi da fita da bari tun yana goye, kuma kusan a kan wannan layi Basifaniye ya raba nasa. Faransanci kuwa, a wannan wuri, tarko ne, zan nuna muku inda aka ɗana shi.

Kafin nan, ga masu karanta wannan a takarda: harafin v nasu b ne a baki, don haka "voy" boi ake cewa. Harafin j kamar h ne mai kauri daga maƙogwaro, "dejar" dehar ke nan. Ll kamar y ne, qu kamar k, h kuwa ba a furta ta sam.

Mu fara da "ir". Wannan shi ne je. Idonsa na kan inda za a. Bahaushe ba ya cewa "na je" ya yi shiru, dole a tambaye shi, ina? Haka "ir" yake, yana jan wurin zuwa a bayansa. "Voy al mercado", za ni kasuwa. "Voy a Bata", za ni Bata. "¿Adónde va usted?", ina za ka, ranka ya daɗe? Wannan tambaya ita ce ta farko da za ka ji a shinge, kuma amsarta "voy a" sai sunan gari. Ni "voy", kai "vas", shi ko ita "va", mu "vamos", su "van". In abin ya wuce, "fui", na je, "fue", ya je.

Ga wani abin sha'awa. Kun lura cewa "za" ɗin da ke cikin "za ni kasuwa" shi ne dai na cikin "zan sayi sa"? Wato mu da kalmar tafiya muke faɗin abin da ke gaba. Su ma haka. "Voy a comprar", zan saya. "Voy a pagar mañana", zan biya gobe. Wanda ya iya "voy a" ya iya rabin maganar alkawari, ba sai ya haddace wani dogon lissafi ba.

Yanzu ka ɗauki wannan "voy" ka sa masa ɗan ƙaramin "me" a gaba. "Me voy." Magana ta juya. Ido ya bar inda za a, ya koma kan inda aka bari. Wannan shi ne tafi. "Me voy", na tafi, zan wuce. Ba ka buƙatar faɗin ko ina. "Se fue", ya tafi, ba ya nan. Ƴan uwa Fulani, ku wannan ba baƙon abu ba ne gare ku, yahugo daban, dillugo daban. "Ir" yahugo ne, "irse" dillugo. Ni "me voy", kai "te vas", shi "se va", mu "nos vamos", su "se van". Ɗan guntun nan na gaba shi ke canzawa, kuma shi ne duk bambancin. Idan wuta ta ɗauke a gari, za ka ji ana cewa "se fue la luz", wuta ta tafi. Idan aka yi rashi kuma ba a son faɗin kalmar mutuwa, sai a ce "se nos fue", ya tafi ya bar mu. Kun ga nauyin kalmar.

Kada dai a ɗauka duk "me voy" rabuwa ce ta har abada. Mutum ya gama hira da yamma, ya miƙe ya kakkaɓe riga, "bueno, me voy", to ni na tafi, gida kawai ya nufa. Ana kuma iya haɗa su, "me voy a Bata", na tashi daga nan, Bata za ni. Inda ya kamata ka buɗe kunne shi ne in ka ji "de" ya biyo baya. "Me voy de aquí", zan bar nan. "Me voy de Guinea", zan bar ƙasar. Wannan maganar mai naɗe tabarma ce.

Sai na uku, "salir", fita. Shi ruwansa da ƙofa. Daga ciki zuwa waje, ɗaki ne ko shago ko gari ko ƙasa. Kuma kamar a Hausa, wanda ya fita ana sa ran dawowarsa.

A nan ne kuɗi ke shigowa cikin zancen, don haka bari in ɗan daɗe. A ce ka kai shanu Bata, ka ba wani mahauci bijimai biyu bashi, za a biya ka bayan kwana goma. Ranar ta cika ka je rumfarsa, ka tarar da yaronsa. Yaro ya ce maka "ha salido", a salido a baki. Ya fita ke nan. Nemi benci ka zauna, mai yiwuwa banki ya je ko mayanka. In ya ce "se ha ido", ya tafi, to tambaya ta tashi. Tafiyar yau ce, ya tashi daga aiki, ko kuwa tafiya ce ta barin gari? Kada ka yi tsalle ka kama wuyan yaro, kada kuma ka juya ka tafi. Ka ce "¿Cuándo vuelve?", yaushe zai dawo? In aka ce "mañana", gobe, shi ke nan. In aka ce "se fue a su pueblo", ya tafi garinsu, sai ka nemi dillalin da ya haɗa ku tun rana ba ta faɗi ba. In kuwa maƙwabcin rumfa ya leƙo ya ce "se largó", malam, wannan ba tafiya ba ce, tserewa ce. "Se largó con el dinero", ya gudu da kuɗin. Jimloli uku, duk Bahaushen da bai ƙware ba zai ji su a matsayin "ba ya nan", alhali ɗaya na cewa zauna, ɗaya na cewa tambaya, ɗaya na cewa tashi tsaye.

Juya abin kuma. Kai ne ake bi, mai ɗakin da kake haya ko mai shagon da ya ba ka kaya. Za ka leƙa iyaka ka karɓo saƙo ka dawo. In ka ɗauki jaka ka ce masa "me voy" ka yi shiru, kada ka yi mamaki in ya tare ƙofa yana neman kuɗinsa a take. Abin da ya ji shi ne ka tafi. Ka ce "salgo un momento", zan ɗan fita. Ko "voy a Ebebiyín y vuelvo el jueves", za ni Ebebiyin in dawo Alhamis. Ni a ganina, duk ɗan kasuwar da zai haddace kalma ɗaya tak ya haɗa da kowace maganar tafiya, "vuelvo" ce, zan dawo. Da ita ake sayen kwanciyar hankalin mai bin bashi. "Volver" ɗin nan kuma ya haɗe koma da dawo duka, bai raba su kamar mu ba.

"Salir" na da wasu ayyukan. Shi ne tashin mota da jirgi. Mu mukan ce mota ta tashi, su sai su ce ta fita. "¿A qué hora sale el barco?", ƙarfe nawa jirgin ruwa ke tashi? Mai zuwa Malabo daga Bata, da yake Malabo a tsibirin Biyoko take, zai buƙaci wannan jimla. "Salgo para Bata mañana", gobe zan tashi zuwa Bata. Duba fasfonka, hatimin shiga "entrada" ne, na fita "salida". In jami'i ya ce "fecha de salida", ranar fitarka yake tambaya, kuma ya fi kyau ranar da ka faɗa ta dace da abin da ke cikin takardarka. A lura, ni "salgo" ne da g a tsakiya, sauran kuwa "sales", "sale", "salimos", "salen".

A bakin ciniki ma yana nan. "¿A cuánto sale el saco?", nawa buhu ya kama? "Sale caro", ya tashi da tsada. "Salí perdiendo", na fita da faɗuwa, "salí ganando", na fita da riba. Rana ma fitowa take, "sale el sol". Madara in ta tafasa ta zubo, ko jarka na yoyo, "se sale".

Makiyaya, ga naku. "Salir" ba ya ɗaukar kaya, mai fita shi kaɗai ke fita. Shanu sun fita, "las vacas salen". Amma kai ka fitar da su, wata kalma ce, "sacar". "Saco las vacas", ina fitar da shanu. Fita da fitar da ke nan. Da "sacar" ake ciro kuɗi a banki, da shi ake yin fasfo da biza, da shi jami'i zai ce ka fito da takardu. Wani abin dariya kuma, in za su ce wa yaro fita, "sal" suke cewa, kuma "sal" ɗin nan shi ne gishiri. Mai neman gishirin dabbobi a shago ya ce "quiero sal", ina son gishiri, kada ya tsaya gaban mai shago ya daka masa "sal" tsura.

Tunda mun taɓo shanu, bari in ɗan ratse. Mutane na zaton Turai ba ta san yawon kiwo ba. Sifaniya ta san shi sarai. A shekarar 1273 sarki Alfonso na 10 ya ba makiyayan tumaki wata ƙungiya mai suna Mesta, da burtalai na sarauta waɗanda manomi bai isa ya shuka a kansu ba. Ƙungiyar ta kai har 1836 kafin a rushe ta, amma burtalan suna nan, kimanin kilomita 125,000, kuma wata doka ta 1995 ta sake kare su. Babban burtali, wanda suke kira "cañada", faɗinsa ya kai mita 75. Tun 1994, a watan Oktoba akan koro tumaki su ratsa tsakiyar birnin Madrid, motoci su tsaya, don a tuna wa mutanen birni cewa titin nan asalinsa hanyar dabbobi ce. Garkunan kan yi sanyin hunturu a filayen Estiremadura, in zafi ya shigo su nufi duwatsun arewa. Makiyayan can hawa da sauka suke kiran wannan tafiya, "subir" da "bajar", kamar yadda namu ke gangara fadama da rani su hauro da damina. Fitar safe zuwa makiyaya "salir" ce, tashin garke na watanni kuwa "irse" ne ko "marcharse". Ku da kanku kun san kiwon yini ba ɗaya yake da tashin ruga ba.

"Marcharse" ɗin nan ba sai mun ɓata lokaci a kansa ba. Ɗan uwan "irse" ne, "me marcho" da "me voy" kusan abu guda. In aka cire masa "me" ko "se", sai ya koma tafiyar aiki ko macin soja. "¿Cómo marcha el negocio?", yaya kasuwa ke tafiya?

Na huɗu, "dejar", bari. Wannan ba ya tafiya hannu rabbana, dole a bar wani abu ko wani mutum. "Dejo la carga aquí", na bar kaya nan. "Dejé el dinero con mi hermano", na bar kuɗin wurin ɗan uwana. Kuma ku ji yadda ya bi sawun Hausa ƙafa da ƙafa. "Déjame pasar", bar ni in wuce. "Déjalo", bar shi, ƙyale shi. "Deja de gritar", bar ihu. Har a ciniki, mai kaya in ya sallama yakan ce "te lo dejo en diez mil", na bar maka shi a jaka goma. Kamar a kasuwar Garwa aka ƙera jimlar.

Wuri biyu ne suka rabu da mu. Na ɗaya, mu mukan ce "na bar Bata da asuba", ba mu nufin komai sai tashi. Su in ka ce "dejé Bata", ya fi kama da wanda ya tattara ya bar garin, irin na kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tashin asuba "salí de Bata" ne. Haka in mutum ya ce "dejó a su mujer", ba a tasha ya ajiye ta ba, rabuwa suka yi, sai fa in an faɗi wurin da aka bar ta. Na biyu, "dejar" na iya zama aro ko rance. Wani ya ce maka "déjame cinco mil", ba cewa yake ka rage masa jaka biyar a farashi ba, rancen jaka biyar yake nema. A yi hattara kafin a ce "sí".

To, ga tarkon Faransanci da na yi muku alkawari. Mai Faransanci ya saba da "quitter", barin wuri. Ya shiga Ebebiyin ya ji ana cewa "quitar", sai ya ce af, ga ɗan gida. Ba shi ba ne. "Quitar" cirewa ce, ɗaukewa, har ƙwacewa. Ba a cewa "quito Bata", ba ta da ma'ana. Amma in mai kaki ya ce "le voy a quitar la mercancía", ba cewa yake zai bar maka kaya ba, cewa yake zai ƙwace su. Ka ga wanda ya fassara da Faransanci zai tsaya yana murmushi yana godiya. "Quítate" kuma kauce ne, ba ni wuri.

Na biyu, "partir". A Faransanci shi ne tafiyar yau da kullum. A Sifaniyanci ma yana iya nufin tashi, amma a takarda da maganar manya. A kasuwa "partir" rabawa ce, tsagawa, gutsurawa, kamar burodi ko goro. In ka ce wa abokin ciniki "vamos a partir", yana iya tsayawa ya ji me za a raba. Inda za ka fi haɗuwa da shi shi ne a sanarwa, "a partir de", wato daga. "Frontera cerrada a partir del lunes", iyaka a rufe daga ranar Litinin. Iyakar Kiye-Osi kuwa, kowa ya sani, an sha rufe ta a buɗe. Mai albasa a cikin mota, kwana uku a rana sun ishe shi asara, don haka wannan layi ya cancanci a iya karanta shi. Na uku ɗan ƙarami ne, "salir" a Faransanci ɓata abu ne da dauɗa. A can kuwa fita ce kawai, kada ka ji haushi.

Akwai wuri guda da Hausar ma ba za ta cece ka ba. In aka kira ka, kakan ce "ina zuwa". In ka juya wannan ka ce "vengo", ka karkace. Basifaniye na auna tafiya daga inda mai magana yake tsaye. Barin inda nake zuwa inda kake, "ir" ne. Don haka in aka ƙwala maka kira, amsa ita ce "voy", ko "ya voy", ga ni nan. "Venir" na mai nufo inda nake ne, "ven", zo. Wannan ma'auni ne ya raba "llevar" da "traer", kai da kawo. "Llevo cebollas a Bata", ina kai albasa Bata. "Traigo cebollas de Garoua", na kawo albasa daga Garwa. A shinge, in an tambayi me ke cikin mota, "¿qué lleva?" za ka fi ji. Mu muna da ɗan "o" ɗinmu da ke juyo da aiki wajen mai magana, fita da fito, shiga da shigo, su ba su da shi. "Sale" ya fita ne, ya fito ne kuma.

Saura umarni, don shi ake ji da ƙarfi. "Vamos", mu je, "vámonos", mu tafi, mu bar nan. "Ve", je ka wuri kaza, "vete", tafi. Ga babba ko baƙo, "vaya", "váyase", "salga". In jami'i ya miƙo maka takardunka ya ce "puede irse", kana iya tafiya, an sallame ka ke nan, karɓi ka ce "gracias". In ya ce "salga del coche", fito daga mota. "Lárgate" kuwa kora ce ta wulaƙanci, kamar ka ce ɓace min da gani. Ka san ta don ka gane in an faɗa maka, amma kada ta fito daga bakinka a ƙasar mutane, ko da wasa.

Ta ƙarshe a takarda take zuwa, "abandonar". In aka ba ka takarda ka ga "abandonar el país" ko "abandonar el territorio", umarni ne na barin ƙasa, kuma galibi akwai adadin kwanaki a kusa da shi. Wannan ya shafi na Malabo da Bata, ya shafi ƴaƴanmu da ke aikin gona a Almeriya da Welba can Sifaniya. Nemi lambar da ke gaban kalmar "días", kwanaki ke nan. Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa, sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita daga sama har ƙasa. Ka ce "necesito un intérprete", ina buƙatar tafinta.

A mako mai zuwa za mu ɗauki ƙirga da kuɗi, yadda ake juya jaka da dala zuwa lissafinsu, don "sesenta" da "setenta", sittin da saba'in, sun sha haɗa mutane faɗa a kan bijimi guda. Masu tashi da asuba, a sauka lafiya.